Kujerar Tsugunno Da Karagar Sarki: Wani Babi Daga Tarihin Ƙasar Sikotilan

Gabatarwa

Idan aka ce za a ba da tarihin tawaye, abin da mai karatu zai sa rai ya ji shi ne labarin takubba da bindigogi da manyan jarumawa. To, amma tawayen da za mu duba a wannan maƙala da kujera aka buɗe shi, 'yar ƙaramar kujera irin wadda mata ke zama a kai a gindin murhu, watau abin da muke kira kujerar tsugunno. Ranar Lahadi 23 ga Yuli 1637, a babbar majami'ar St Giles da ke Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotilan, wasu mata suka ɗauki kujerun da suke zaune a kai suka jefi malaman coci da su, saboda an zo musu da wani sabon littafin addu'a bisa umurnin Sarki. Shekara 12 ba su cika ba sai da aka sare kan Sarkin nan a Landan.

Babu mai hankalin da zai ce kujera ita kaɗai ta kayar da Sarki, domin ruwa ba ya tsami banza. Amma yana da kyau mu tambayi kanmu, me ya kai kujerar gida cikin majami'a tun farko, kuma me ya sa ita ce ta zo hannu ranar da tura ta kai bango? Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a Sikotilan ta wancan zamani, maganar inda mutum zai zauna a majami'a da yadda zai zauna, ita ce maganar wanda ke da iko da addinin jama'a, Sarki ne ko kuwa su jama'ar da kansu.

Ƙasar da addininta

Sikotilan tana arewa da Ingila, a kan tsibiri ɗaya. A zamanin da muke magana a kai tana da Majalisar Dokokinta da shari'arta da cocinta daban. A shekarar 1560 Majalisar ta yanke hulɗa da Fafaroma, ta hana sujadar Katolika da ake kira Mas, ƙasar ta koma bin tafarkin Furotesta. Jagoran wannan juyi shi ne John Knox, wanda ya yi fasto a majami'ar St Giles ɗin nan har rasuwarsa a 1572.

Sai dai Furotestan Sikotilan sun sha bamban da na Ingila. A Ingila Sarki ne shugaban coci, bishof-bishof ke tafiyar da ita da sunansa, kuma an riƙe da yawa daga cikin tsofaffin al'adu. A Sikotilan kuwa masu zafin ra'ayi suna ganin fastoci duk ɗaya suke, babu wani a kan wani. Kowace majami'a tana da majalisar dattawa, sama da ita akwai majalisar gunduma, can ƙoli kuma akwai Babban Taron Ikkilisiya. Wannan tsari shi ake kira Firesbiteriya, watau mulkin dattawa. Sarakuna ba su so shi ba, dalili kuwa a fili yake: bishof Sarki ke naɗa shi, amma taron dattawa ba shi da wuyan da za a sa wa igiya. A 1596 wani malami, Andrew Melville, ya kama hannun rigar Sarki James na Shida, ya gaya masa ido da ido cewa a cikin mulkin Almasihu shi ɗan ikkilisiya ne kamar kowa. James bai manta ba. Da ya gaji sarautar Ingila a 1603 ya koma Landan da zama, sai ya daɗa ƙaimi, zuwa 1610 ya ɗora bishof-bishof a kan cocin Sikotilan da cikakken iko.

Wurin zama a majami'a

Mai karatu da ya saba ganin hoton coci cike da bencuna layi-layi, sai ya kawar da wannan hoto daga ransa. A ƙarni na 16 da farkon na 17 yawancin majami'un Sikotilan fili ne fetal a ciki. Kafin 1560 mutane kan tsaya ko su durƙusa har a gama sujada. Bayan juyin addini sai wa'azi ya zama shi ne ƙashin bayan sujada, fasto kan yi awa guda ko fiye yana magana, da agogon yashi a gefensa, ga kuma sanyin ƙasar. Ashe kuwa tilas a nemi abin zama.

Masu hali suka nema wa kansu mafita. Manyan masu ƙasa suka riƙa gina wa iyalansu ɗan bene a cikin majami'a, wani har da matakalarsa daga waje don kada ya cuɗanya da talakawa. A birane kuma, mahukuntan gari da ƙungiyoyin masu sana'a, kamar maƙera da maɗinka da matuƙa jirgin ruwa, kowace ƙungiya takan kafa nata wurin ta zana alamar sana'arta a jiki. Har yau ana ganin irin waɗannan zane-zane a majami'ar garin Burntisland.

Wanda ba shi da ko ɗaya, sai ya tsaya ko ya zo da abin zamansa daga gida, a nan kuwa mata suka fi yawa. Wajen ƙarshen shekarun 1580 dattawan cocin Gilasgo sun yi doka cewa kada mace ta hau bencin da aka yi don maza, ko dai ta zauna ƙasa ko ta zo da kujerarta. Kujerun iri biyu ne. Akwai 'yar gajeruwa ta katako wadda suke kira creepie, akwai kuma mai naɗewa, ƙafafunta a gicciye, da fata ko ƙyalle a sama. Da yake filin ba na kowa ba ne, wadda ta riga zuwa ita ke samun kusa da mumbari. Saboda haka matan attajirai sukan aiki barorinsu mata, ko su biya wata matalauciya 'yan kuɗi, ta je tun da sassafe ta kafa kujera ta tsare wuri, sai lokacin wa'azi ya yi sa'an nan uwargida ta iso. Littattafan da majalisun dattawa suka bari ba su rasa ƙararrakin faɗa a kan wurin zama ba.

Akwai kuma wata kujera wadda ba mai son hawanta, ita ce kujerar tuba. A gaban mumbari ake ajiye ta, a ɗan ɗaga ta sama don kowa ya gani. Wanda dattawa suka kama da laifi, kamar fasikanci ko buguwa da giya ko keta alfarmar ranar Lahadi, a nan za a ajiye shi fasto ya yi masa faɗa a bainar jama'a. Dokar Babban Taro ta 1648 ta yanka wa marar aure da ya yi fasikanci Lahadi 3, wanda ya ci amanar aure kuwa Lahadi 26 cikin rigar buhu.

Ke nan da an shiga majami'a, wurin zaman mutum kaɗai ya isa ya gaya maka ko shi wane ne. Mai ƙasa yana bene, mai sana'a yana benci, mai laifi yana kujerar tuba, talaka kuwa, musamman mace, tana kan abin da ta ɗauko da hannunta. Wannan kujera ita kaɗai ce mallakarta a duk faɗin ginin.

Zama ko durƙuso

Maganar zama ba ta tsaya ga matsayi kaɗai ba, ta shiga har cikin aƙida. Babbar ibada a wurin Kirista ita ce Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasa a sha ruwan inabi don tunawa da abincin ƙarshe da Almasihu ya ci tare da almajiransa. 'Yan Katolika kan karɓa a durƙushe gaban bagade, haka ma a cocin Ingila. Knox da mabiyansa suka ce a'a, Almasihu da almajiransa zaune suke wurin cin abincin, kuma durƙusa wa gurasa ya yi kama da bauta mata. Don haka a Sikotilan, ranar Jibi sai a jera dogayen tebura da bencuna a tsakiyar majami'a, jama'a su zo rukuni-rukuni su zauna, kowa ya miƙa wa na kusa da shi gurasa da ƙoƙo. In an gama a kwashe teburan.

A 1618 Sarki James ya matsa wa Babban Taro da aka yi a garin Perth ya amince da wasu sharuɗɗa 5, Majalisar Dokoki kuma ta tabbatar da su a 1621. Huɗu daga cikinsu sun shafi kiyaye ranakun biki kamar Kirsimeti da Ista, da yin baftisma a gida, da kai wa marar lafiya Jibi, da kai yara bishof ya sa musu albarka. Ɗayan kuwa, wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, shi ne a riƙa karɓar Jibi a durƙushe. Mutanen Edinbara da yawa suka ƙi. Wasu suka ƙaurace wa Jibin, wasu suka riƙa fita ƙauyukan kewaye wurin fastocin da ba su bin dokar, wasu kuma suka soma taruwa a gidaje a ɓoye, mata na cikin na gaba-gaba. Watau kafin 1637 jama'a sun yi shekara 19 suna koyon ƙin bin umurnin Sarki a kan al'amarin zama da durƙuso.

Sarki Charles da littafinsa

Charles na Ɗaya ya gaji ubansa James a 1625. A Sikotilan aka haife shi a 1600, amma tun yana ƙaramin yaro aka kai shi Ingila, ya girma bai san halin mutanen ƙasarsa ba. Yana hawa ya yi shelar cewa yana da ikon karɓe filayen coci da na sarauta da manyan masu ƙasa suka daɗe suna ci, hankalinsu ya tashi. Bai zo an naɗa shi a Edinbara ba sai 1633, shekara 8 bayan hawansa, kuma da ya zo aka yi naɗin irin na Ingila, bishof-bishof cikin riguna masu ado, ga tebur mai kama da bagade da kyandirori a kai. Bugu da ƙari matarsa 'yar Katolika ce daga Faransa. Mutane suka ce lalle biri ya yi kama da mutum. A cikin shekarar ya mai da Edinbara mazaunin bishof, St Giles ta zama majami'ar bishof ɗin. Wani basarake kuma, Lord Balmerino, da aka samu da takardar koke a hannunsa, aka yanke masa hukuncin kisa a 1635, ko da yake an yafe masa daga baya. Abin da jama'a suka fahimta shi ne ƙofar koke a rufe take.

A 1636 aka fito da sabon kundin dokokin coci, wanda ya hana fasto yin addu'a da ka a cikin sujada, ya kuma wajabta aiki da wani littafin addu'a da ba wanda ya gani tukuna. Littafin ya fito a 1637. Bishof-bishof na Sikotilan ne suka tsara shi, musamman John Maxwell da James Wedderburn, Sarki da William Laud, Babban Bishof na Kantabari, suka duba shi. An ɗan sassauta a wasu wurare, amma sashen Jibi ya fi ma na Ingila kusa da na Katolika, domin ya ba da damar a kai tebur can ƙuryar majami'a, fasto ya tsaya ya ba jama'a baya. Babban abin da ya fi zafi shi ne ba a shawarci Babban Taro ba, wanda rabon da ya zauna tun 1618, ba a kuma shawarci Majalisar Dokoki ba. Shelar Sarki kawai aka ji, cewa kowace majami'a ta sayi kwafi 2. Ranar 16 ga Yuli aka sanar daga kan mumbari cewa Lahadi mai zuwa za a fara aiki da shi a Edinbara. Da haka aka ba masu adawa mako guda cur su kintsa.

Lahadin jifa

Da safiyar ranar majami'a ta cika maƙil. Babban Bishof John Spottiswoode, wanda kuma shi ke riƙe da muƙami irin na Wazirin ƙasar, yana nan, ga alƙalai, ga 'yan majalisar Sarki, ga mahukuntan gari. A tsakar fili kuwa ga mata kan kujerunsu, da yawansu barori ne masu tsaron wuri. Shugaban limaman majami'ar, James Hannay, ya buɗe littafi ya fara karatu. Bai yi nisa ba sai wuri ya kaure da ihu da tafi da zagi, ana cewa an shigo da Mas, an dawo da Fafaroma. Bishof na Edinbara, David Lindsay, ya hau mumbari don ya kwantar da ƙura, sai kujeru da littattafai suka fara tashi sama. Wata kujera ta nufi kansa, wani da ke kusa ya sa hannu ya karkatar da ita.

Mahukuntan gari suka sauko suka kori masu tarzoma waje, aka kulle ƙofofi aka ci gaba da karatu, su kuwa na waje suna dukan ƙofa suna jifan tagogi da duwatsu. Wata tsohuwar takarda ta wancan zamani ta ce akwai wata mata da kulle ya rutsa da ita a ciki, ta koma lungu tana karanta Littafi Mai Tsarki, sai ta ji wani saurayi a bayanta yana amsa amin. Ta waiwayo ta ɗauke shi da mari, tana tuhumarsa da yi mata Mas a kunne. Da aka tashi jama'a suka bi Bishof Lindsay a titi, da yamma kuwa sai cikin keken dokin wani basarake, Earl na Roxburgh, ya tsira, ana bin su da jifa.

Wuta ta bazu. A Gilasgo, cikin watan Agusta, mata suka tare fasto William Annand da dare suka lakaɗa masa duka saboda ya yi wa'azin goyon bayan littafin. Bishof na Brechin kuwa, Walter Whiteford, sai da ya ajiye ƙananan bindigogi 2 a ɗure a gabansa sa'an nan ya iya karantawa, duk da haka da kyar ya sha a kan hanyarsa ta komawa gida.

Wace ce Jenny Geddes?

Labarin da ya shahara a Sikotilan shi ne, wadda ta fara jifa sunanta Jenny Geddes, wata mai sayar da kayan lambu a bakin titi. An ce ta miƙe ta yi wa Hannay fatan ciwon ciki, sa'an nan ta wurga masa kujerarta. Sai dai waɗanda suka rubuta labarin a lokacin da abin ya faru ba su ambaci wannan suna ba. Akwai wata ƙasida ta 1661, mai ba da labarin murnar naɗin Charles na Biyu, ɗan wanda aka sare wa kai, wadda ta ce wata Jenet Geddes, babba cikin masu sayar da kayan lambu a kasuwar Tron, don murna ta zuba kwandunanta da bencunanta da kujerunta, har da kujerarta ta fata, cikin wutar biki. Marubutan bayan dawowar sarauta su ne suka haɗa sunan da jifan 1637. Masanin tarihin coci Robert Wodrow kuwa ya rawaito cewa wadda ta fara jifa matar wani ɗan kasuwa ce mai suna John Mean, wanda ya yi suna wajen ƙin durƙuso tun zamanin sharuɗɗan Perth. Ita ma kujera mai naɗewa da ke Gidan Tarihi na Ƙasa a Edinbara, wadda aka daɗe ana cewa ta Jenny ce, babu tabbacin cewa tata ce.

Haka nan zancen cewa abin ya faru ne kwatsam, akwai gyara a ciki. Henry Guthry, wanda ya rayu a lokacin ya kuma zama bishof daga baya, ya rubuta cewa tun cikin watan Afrilu fastoci biyu, Alexander Henderson da David Dickson, sun gana da wasu dattijan mata a wani gida a Edinbara, aka shirya mata su fara, maza su karɓa daga baya. Guthry abokin hamayya ne, amma ganin yadda aka tashi a majami'a fiye da ɗaya rana guda ya ƙarfafa maganarsa. Dabarar kuwa ba a ɓoye take ba. In basarake ya ɗaga murya sai a ce ya ci amanar Sarki, ga abin da ya sami Balmerino kowa ya gani. In baranya ta yi jifa, sai a ce hayaniyar mata ce.

Amma kada wannan ya sa mai karatu ya ɗauka hayar matan kawai aka yi. Matan da suka yi shekara 19 suna ƙin durƙuso sun san abin da suke ƙi. Abin da suka rasa shi ne wurin faɗin ra'ayinsu. Ba su da kujera a majalisar dattawa, ba su da ita a Babban Taro, ba su da ita a Majalisar Dokoki. Wadda suke da ita, da ita suka yi magana.

Daga kujera zuwa yaƙi

Da labari ya isa Landan, Charles ya ce a hukunta masu laifi a ci gaba da littafi. Takardun koke suka riƙa kwararowa Edinbara daga garuruwa, kafin ƙarshen shekara masu koke suka kafa kwamitoci 4, na manyan masu ƙasa, na ƙananansu, na wakilan birane da na fastoci. Aka yi musu laƙabi da Tebura, suka zama kamar wata gwamnati. Ranar 28 ga Fabrairu 1638, a majami'ar Greyfriars, aka fara sa hannu kan Alkawarin Ƙasa, wanda Henderson da wani lauya, Archibald Johnston, suka tsara. Masu sa hannu sun rantse za su kare addininsu, su ƙi duk wani sabon abu da Babban Taro da Majalisa ba su amince da shi ba, su kuma tsaya wa juna. In ban da Aberdeen da wasu sassan arewa, kusan ko'ina aka karɓe shi. Cikin Nuwamba Babban Taro ya zauna a Gilasgo. Wakilin Sarki, Marquis na Hamilton, ya ce ya rushe taron, aka yi kunnen uwar shegu da shi, aka soke littafin addu'a da sharuɗɗan Perth da muƙamin bishof ɗungurungum.

Sarki ya ɗaura yaƙi. 'Yan Alkawari suka ba Alexander Leslie jagorancin rundunarsu, tsohon soja ne da ya yi shekaru yana yaƙi a rundunar Suwidin. Karon farko, a 1639, aka yi sulhu ba a gwabza sosai ba. Karo na biyu, ranar 28 ga Agusta 1640, suka fatattaki sojan Sarki a Newburn, suka kama Newcastle, garin da Landan ke samun kwal daga gare shi. Sarki ya yarda zai riƙa biyan rundunarsu fam 850 kowace rana, alhali kuwa ba shi da kuɗin. Shekara 11 ya yi yana mulkin Ingila ba tare da Majalisa ba. Ya kira ta cikin Afrilu 1640 don neman kuɗin yaƙi, ya sallame ta bayan mako 3. Yanzu tilas ya sake kiranta cikin Nuwamba, wannan karon kuwa ta ƙi sallamuwa. Rigimarsa da ita ta kai ga yaƙin basasa a 1642. Aka sare kan Laud a 1645, na Charles kuma ranar 30 ga Janairu 1649. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Don a yi adalci, ya kamata a faɗi cewa 'Yan Alkawari ba 'yancin addini ga kowa suke nema ba. A 1643 sun ƙulla yarjejeniya da Majalisar Ingila da nufin a shimfiɗa tsarinsu a can ma, kuma a zamanin mulkinsu ne aka tsananta dokar kujerar tuba da muka ambata. Su kuwa matan da suka buɗe fage, babu wadda ta zauna a Tebura ko a taron Gilasgo. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Cocin Sikotilan ba ta yarda mace ta zama dattijuwar ikkilisiya ba sai 1966, fasto kuwa sai 1968.

Kujerun dutse

Da Charles na Biyu ya dawo kan karaga a 1660, sai ya warware duk abin da aka ƙulla, ya mayar da bishof-bishof. A 1662 fastoci kusan 300 suka bar majami'unsu da gidajensu maimakon su nemi amincewar bishof. Jama'arsu, musamman a kudu maso yammacin ƙasar, suka bi su daji, aka riƙa yin sujada a kan tuddai da cikin fadamu, 'yan gadi na kan duwatsu suna duban sojan doki. Dokar 1670 ta yanka kisa ga mai wa'azi a fili, ta 1685 ta haɗa har da mai sauraro. A cikin wannan hali ma ba su bar zama wurin Jibi ba. A kan tudun Skeoch, kusa da Irongray, inda dubban mutane suka taru a 1678, har yau akwai layuka 4 na duwatsu da aka jera don zama, ana kiransu Duwatsun Jibi. Mutanen da sojoji ke farauta sun ɗauki wahalar jera dutse don dai su karɓi gurasa a zaune. Wannan ƙunci bai gushe ba sai da aka kori Sarki James na Bakwai, a 1690 kuma tsarin dattawa ya zama na ƙasa bisa doka.

Bencin haya

Abin mamaki, abin da Sarki ya kasa yi wa kujerar tsugunno, kuɗi ya yi mata. Cikin ƙarni na 17 da na 18 aka riƙa cike filin majami'u da kafaffun bencuna masu ƙofa. A ƙauye a raba wa masu ƙasa su kuma su raba wa manoman da ke zaune a filayensu, a birni a ba da su haya. Talaka sai abin da ya rage a baya ko a lungu, tsohuwa mai kujera kuwa sai kan hanya tsakanin bencuna ko matakalar mumbari. A shekarun 1830 fasto Thomas Chalmers ya yi ta kukan cewa kuɗin benci ya kori ma'aikatan birane daga coci.

Har wa yau wata doka ta 1712 ta mayar wa masu ƙasa ikon zaɓa wa jama'a fasto. Gardama a kan wannan ita ta kai ga ɓallewar ranar 18 ga Mayu 1843, sa'ad da fastoci fiye da 450, watau sama da kashi ɗaya cikin uku, suka fice tare da Chalmers suka kafa 'Yantacciyar Coci. Masu ƙasa da dama suka hana su filin gini, sai aka koma gidan jiya, ana sujada a bakin hanya da gaɓar teku da rumfuna, kowa da abin zamansa. A garin Strontian, da aka hana su ko da taƙi guda, sai aka yi karo-karo aka ƙera musu majami'ar ƙarfe mai iyo, aka jawo ta a 1846 aka ɗaure ta cikin ruwan Loch Sunart, suna zuwa sujada da kwale-kwale.

Kammalawa

A 1874 aka soke dokar 1712, a 1921 kuma Majalisar Birtaniya ta yarda a rubuce cewa cocin Sikotilan ita ke da iko da kanta a al'amuran ibada. Sarkin Birtaniya shi ne shugaban cocin Ingila, amma a Sikotilan ba shi da wannan matsayi. Kowane sabon sarki kan rantse zai kiyaye tsarin dattawa, kamar yadda Charles na Uku ya yi cikin Satumba 2022. Ita kuwa Jenny Geddes sunanta ya zauna, har mawaƙin ƙasar Robert Burns ya raɗa wa goɗiyarsa shi a 1787. A 1886 aka kafa allon tunawa da ita a St Giles, a 1992 kuma wasu matan Sikotilan suka ba majami'ar kujera mai ƙafa 3 ta tagulla, aikin Merilyn Smith.

A taƙaice, mun ga yadda kujerar nan ta shiga majami'a saboda an hana mata benci, ta zama makami saboda an hana su bakin magana, ta bi jama'a daji sa'ad da aka kore su, sa'an nan bencin haya ya ture ta. Mai nazarin tarihi ya saba neman hujja a takardun sarakuna da yarjejeniyoyi, amma wannan labari ya nuna cewa kayan zama ma shaida ne ga wanda ya iya tambayarsu. Ranar 23 ga Yuli 1637 bishof-bishof na Sarki da alƙalansa da 'yan majalisarsa sun hallara, kowa a wurin da ya dace da darajarsa. Waɗanda ba a sa cikin lissafi ba su ne na tsakar fili, waɗanda ba a damu da rubuta sunayensu ba, shi ya sa har yau ana gardama a kan sunan wadda ta fara jifa.